Tebur 7, mutum 23: rajistar gyaran ɗakin mandubai

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Bakina ne ya ja mini. A taron safiyar yau na ɗaga hannu na ce ɗakin da muke zama ya fi kama da tashar mota bayan an watse, sai mudir, wato manajanmu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madalla, to kai za ka gyara." Aka yi dariya aka tashi. Haka na zama shugaban kwamitin mutum ɗaya.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfanin hidimar masu Umra ne a Aziziyya, nan Makka, mu kuma mandubai ne, 'yan kai-komo. Mu ke tarbar baƙi a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, mu raka su masauki, mu kai su Tan'im su ɗaura ihrami, mu bi su Madina, mu nemo tsohon da ya ɓace a Harami, mu kwana a asibiti da wanda jiri ya kayar. Yawancinmu saboda Hausa aka ɗauke mu, don baƙin kamfanin daga Najeriya da Nijar da Gana suke zuwa. Aikin ƙafa ne, shi ya sa ba a ba kowa tebur nasa ba. Tebur 7 aka jera, mu 23, wanda ya shigo ya zauna inda ya samu, ya gama ya kama gabansa.

Bayan la'asar na ɗauki biro da takarda na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kujeru 3 suna nutsewa: ka zauna ƙasaitacce, kafin ka buɗe imel ta sauke ka a hankali har haɓarka ta zo daidai da bakin tebur. Ɗaya ta rasa taya guda, an tokare ta da kwalin dabino. Allon kwamfuta 4 ne, 2 ba su da waya. Madannan tebur na 3 da na kife su na girgiza, abin da ya zubo zai ishi tattabara kalaci: ɓurɓushin tamis, riɗi, sukari da gawar tururuwa. Saman teburan kuwa duk shatin gindin kofin shayi ne, zobe kan zobe.

Guda ɗaya ne lafiyayye, na 7, na ƙurya kusa da taga, wanda Kawu, dattijon cikinmu, ya mallake shekara da shekaru alhali doka ta ce babu mai tebur. A ƙasan takardata na rubuta da manyan baƙi: a ƙwato tebur na 7.

Talata, 15 ga Oktoba, 2024

Tun da ni ma ba zama nake ba, mai gadi na roƙa ya riƙa ja mini layi duk wanda ya shiga ɗakin, da lokacin shigarsa da na fitarsa, da teburin da ya zauna. Mako guda ya yi yana yi, na saka masa da kabsa.

Abin da takardarsa ta nuna ya rushe mini ƙorafin da muka daɗe muna yi. Teburan ba su yi mana kaɗan ba. Daga safe zuwa azahar ɗakin wayam yake, sai bayan la'asar ake cika, lokacin da jirage suka sauka aka dawo shigar da sunaye da rabon ɗakuna da neman wa baƙi izinin Rauda a manhajar Nusuk. Yawancinmu ba ma cika awa ɗaya a zaune. Sau 2 kacal a makon muka wuce mutum 7 a lokaci guda. Matsalar ita ce a cikin 7 ɗin, 3 ne kawai mutum zai iya aiki a kansu, sai a yi ta jiran waɗannan ukun sauran suna hamma.

Yadda suka mutu ma na gane. Mutum ya shigo, bas tana jiransa a Kudai nan da minti 40, ya tarar soket ba ya kawo wuta. Ba zai tsaya neman wanda zai faɗa wa ba, gefe zai matsa. Na bayansa ma haka. Ni kaina na yi hakan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Wata 6 sai ya wuce ba wanda ya kai magana sama, kowa yana zaton wani ya riga ya kai.

Soket ɗin ma ba Allah ne ya kashe su da kansa ba, da hannunmu a ciki. Irin na Saudiyya mai baki uku ne masu faɗi, kamar na Ingila da na Najeriya. 'Yan'uwanmu na Nijar da Sudan kuwa cajojinsu masu ƙafa biyu ne zagayayyu. Yau a gabana ɗan Damagaram ya cire murfin biro, ya cusa a ramin sama ya danne 'yar ƙofar da ke tsare ramukan ƙasa, sannan ya tura cajarsa da ƙarfin tsiya har bangon ya yi ƙara. Zagayayyen ƙarfe yana buɗa tagullar ciki, gobe idan mai baki uku ya zo sai ya yi lako-lako, wuta ta riƙa tsalle, wurin ya yi zafi ya yi baƙi. A cikin soket 14, guda 6 sun ƙone haka. Na ce masa, "Mutumina, ka san abin da kake yi wa bangon nan kuwa?" Ya ce, "Ustaz, shekara 3 ina yi, ko sau ɗaya bai ja ni ba."

Alhamis, 31 ga Oktoba, 2024

Na kira gayyar shara. Mutum 9 suka ce in sha Allahu, 4 suka zo. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san in sha Allahu iri biyu ce.

Aljihunan tebur su suka cinye mana yinin. Matattun cajoji 11. Bel ɗin ihrami. Silifa ƙafa ɗaya. Maganin tari da ya gama aiki tun 2021. 'Yar jaka cike da tsakuwar jifa da wani ya tsinto a Muzdalifa ya manta. Da batirin cajin waya da ya kumbura kamar fanke, wanda na tabbata a mota aka bar shi lokacin Hajjin bana, da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami cikin watan Yuni. Shi kam ban bari ya kwana a ginin ba. Ƙarƙashin teburan kuma gorunan zamzam ne rabi-rabi, babu mai su, babu kuma mai ƙarfin halin juye su a makwarara. Muna tsaye muna muhawara Kawu ya ɗago kai ya ce a zuba wa darbejiyar ƙofar gida, ita ma baiwar Allah ce, danginta ne ke yi wa alhazai inuwa a Arfa. Aka yi haka.

Abin da ya sa na daina dariya yana aljihun tebur na 2 da na 5: kwafin fasfo, tuli guda, ya kai kaurin bulo. Na zauna a ƙasa ina buɗawa. Tsofaffi mata daga Katsina da Maraɗi da Kumasi, kowace da hotonta, da lambar fasfo, da ranar haihuwa, a bayan wasu an rubuta lambar wayar ɗa ko jika da biro. Sun daɗe da komawa gida, wasu ƙila sun riga mu gidan gaskiya, fuskokinsu suna nan a aljihun da ba ya kulluwa, a ɗakin da direba da mai kawo abinci da duk wanda ya ga dama ke shiga. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda hukumar SDAIA ke kula da ita, ta fara aiki a Satumban 2023, aka ba kamfanoni shekara guda su shirya, wa'adin ya cika ranar 14 ga Satumban nan da ya wuce. Ko da babu doka ma, wannan amana ce muka yasar. Ba mugunta ta kawo haka ba. Mandubi ya buga kwafi don otal, aka ce ba a buƙata, ba shi da inda zai ajiye, ya jefa a aljihun da ya fi kusa ya ruga.

Na ɗaure su da roba na tafi da su gida.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024

Na kai wa mudir lissafi: kujeru 7 sababbi, soket, loka, injin yayyanka takarda, da harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa kan kaya tun Yulin 2020, duka riyal 9,400. Ya karanta ya ce, "Ya shaikh, mutanen da ba sa zama ne zan saya wa kujera?" Ban yi musu ba, don takardar mai gadi tana bayansa. Sai na ciro ƙunshin fasfo daga jaka na ajiye masa a kan tebur na yi shiru. Ya buɗe uku, ya rufe. Loka da injin takarda nan take ya sa hannu. Sauran ya ce in yi dabara da riyal 3,000.

Dabarar ta kai ni kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarik a kudancin Jidda ranar Asabar, kasuwar da in ka yi haƙuri za ka samu har ƙofar gidan da aka rushe. Kujerar ofis da ke nutsewa ba mutuwa ta yi ba, silindar iskar da ke ƙarƙashinta ce ta saki, kuma yawancinsu bakinsu ɗaya, ta wannan tana shiga waccan. Na sayi kujeru 3 masu yagaggen baya amma lafiyayyar ƙafa, na ɗaure a bayan motar wani ɗan'uwa. Cire silindar kuwa wani yaƙi ne. Ba kusa ke riƙe da ita ba, nauyin masu zama ne ya cusa ta shekara da shekaru, sai da babbar sifana da guduma da mai, da mutum biyu suna ja. Na fasa babban yatsana. Kujeru 3 sun miƙe, ta huɗu ta samu taya, kwalin dabino ya yi ritaya.

Laraba, 4 ga Disamba, 2024

Na buga dokoki 6 da Hausa da Larabci da Faransanci na manna a bango. Yau kwana 9. Wani ya rubuta lambar direba a gefen takardar, wani ya yage kusurwarta ya nannaɗe cingam.

Sabuwar fitina kuma: tun da kujeru suka gyaru, an fara kama wuri. Mutum zai shimfiɗa sallaya a kan kujera da safe ya tafi Jidda, sai isha ya dawo. Mu da muke yini muna gaya wa baƙi cewa ba a kama sahu da sallaya a Harami.

Talata, 7 ga Janairu, 2025

Jiya an tafka ruwa a Makka da Jidda. Garin nan kwari ne tsakanin duwatsu, ruwan awa ɗaya sai titi ya zama kogi, bas ɗinmu biyu sun makara. Da na dawo da daddare na tarar ruwa ya biyo ta gefen mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin tsohon nan da ake huda bango a zura, ya sauka a kan tebur na 5, ya gangara daidai kan ekstenshan ɗin da ke ƙasa. Allah ya kiyaye, babban makunni ya faɗi da kansa. Mutum 3 sun shiga ɗakin kafin ni, sun ga duhu, sun juya.

Sharrin ya zo da alheri, don yau ba a yi mini gardamar kiran mai gyaran wuta ba. Ya canza soket 6 da suka ƙone, ya kuma gano abin da ya daɗe yana ba mu mamaki: guda 2 na bangon gabas a kan tsohon layin 127 suke, wanda har yanzu ake samu a tsofaffin gine-gine, sauran kuma 220. Shi ya sa butar shayi in an sa ta can sai ka yi sallah ka dawo ba ta tafasa ba. Ya yi musu alama da jan fenti. Ya kuma yi mana faɗa a kan ekstenshan: fis ɗin filogin amfiya 13 ne, wato wajen wat 3,000, buta kaɗai tana cin fiye da 2,000, mu kuma mun haɗa ta da firinta da cajoji a bakin guda. An kai buta da kayan shayi baranda, wanda hakan zai rage zoben kofi ma.

Na sayi adafta 7 na ɗaure kowace a jikin ƙafar tebur da igiyar roba mai zarge, yadda sai da almakashi za a raba su. Ɗan Damagaram ya duba ya ce na mai da su kamar kofin randar masallaci. Na ce ai daga can na koyo.

Talata, 28 ga Janairu, 2025

Loka ta iso, gida 24, kowa da makullinsa. Na ga yanzu babu sauran hujja, sai na nufi tebur na 7.

Kawu haifaffen Makka ne, a Shari' Mansur ya tashi. Kakansa yana cikin waɗanda suka yi gabas da ƙafa bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ya yi shekaru a Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, kafin ya tsallako daga Sawakin zuwa Jidda. Hausarsa tsohuwa ce, da Larabci a bakin kowace jimla. Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara lafiya, ga makullin lokarku, sai a kwashe kayan aljihun nan, don tebur na kowa ne."

Ya ce, "Ɗana, zauna."

Ya jawo aljihun. Sukudireba biyu, ƙyalle a ninke, 'yar kwalbar mai, salatif, fis guda 4 a cikin gwangwanin alewa. Duk Alhamis kafin ya tashi yana bin kusoshin kujera da na tebur yana ɗaurewa. Ya ce, "Tambayi mai gadinka, wa na taɓa hanawa zama a nan? Ina Madina kwana uku a mako. Kowa yana zama. Amma ba mai barin mini ƙwallon dabino, don ya san fuskar da zai gani gobe."

Na koma na duba takardar Oktoba. Gaskiyarsa. Tebur na 7 ya fi kowane tebur karɓar baƙi. Wata uku da rabi ina ɗauke da takardar, ban taɓa karanta wannan layin ba, saboda na riga na yanke wa mutumin hukunci tun ranar farko.

Na soke batun ƙwace. Maimakon haka kowane tebur ya samu mai shi, an rubuta sunansa a salatif an manna a gefe. Ba shi da ikon hana kowa zama, ba ya shimfiɗa sallaya. Abin da ke kansa shi ne in abu ya lalace shi ake kira, shi kuma yake kai magana sama, kamar mai unguwa. Ni na ɗauki na 4.

Kafin in fita Hajiya, babbar mandubanmu mata, ta tare ni a baranda. Ta ce, "Malam, a ƙirgarka mu nawa ka gani?" Na yi shiru, don ban ga ko ɗaya ba. Su 3 ne, kuma sun fi shekara ba sa shiga ɗakin. Ba ƙazanta kaɗai ta kore su ba, sai an ratsa ta bayan kujerun maza a matse kafin a kai ga tebur mai aiki. A harabar otal suke aikinsu, kwamfuta a kan cinya, ko a kujerar bayan bas. Mai gadi wanda ya shiga ya ƙirga, wanda ya haƙura da shiga ba ya cikin takarda. Mun juya tebur na 1 ya koma bakin ƙofa, aka sa masa allon tsari, Hajiya ce mai shi.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 2025

Saura kwana biyu ko uku azumi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na bi ɗakin da takardar farko a hannu. Teburan 7 duka suna aiki. Aljihunan wayam, sai na Kawu. An yayyanka kwafin fasfo na ƙarshe, injin yana gefen firinta yadda hannu zai kai gare shi kafin ya kai ga aljihu. Wayoyin allo 2 da na saya sun yi ƙafa a makon farko, na sake saye na ɗaure su su ma.

Tsarin mai tebur yana tafiya daidai da halin mai teburin. Na Hajiya har turaren wuta yake yi. Na 2 kuwa, mai shi sai an kira shi sau uku, ya ce yana Abyar Ali, can Madina, ko da kuwa ana jin kiran sallar masallacin bayan ofis a wayarsa. Takardar dokoki na cire ta, ba wanda ya lura.

Laraba, 12 ga Maris, 2025 (12 ga Ramadan, 1446)

Dokar ƙwadago ta ce awa 6 Musulmi zai yi a azumi, amma jirgi bai san wannan ba. Dare ya zama rana, ɗakin yana cika ne bayan tarawihi har zuwa sahur, kuma a karon farko na ga mutum 7 a zaune, 4 a tsaye suna jira, ba don wani tebur ya mutu ba.

Tururuwa sun dawo, don wanda magariba ta riska a kan madannai a nan yake buɗa baki da dabino da laban da sambusa, ni ma ban da bakin hana shi. Na sa ƙyalle da kwalbar fesawa a kowane tebur, ana gogewa wani lokaci. Silinda ɗaya daga cikin na Haraj ta saki a daren 8 ga wata, araha ba ta ado. Bambancin shi ne ƙarfe 2 na dare aka kira mai teburin, ya kira ni, da safe Kawu ya yanko guntun bututun ruwa na roba ya tsaga shi ya rungume sandar da shi. Kujerar ba ta hawa ba ta sauka yanzu, amma tana nan inda aka bar ta.

Ramin mukayyif har yau da tsumma aka toshe shi, mai gini ya ce sai bayan Sallah. Daga riyal 3,000 saura 140.

Ɗazu mudir ya leƙo, ya zagaya, ya danna kujera biyu da hannu, ya ce ofishinmu na Madina tebur 4 ne, kuma an ce masa ɗaya a kan bulo yake tsaye. Ya riga ya sa a yankar mini tikitin jirgin ƙasa na Haramain daga tashar Rusaifa, mako guda bayan Sallah. Na je aron sukudireba wurin Kawu, ya rufe aljihunsa ya ce in sayi tawa.